Sai mun sayi saba kafin mu sayar da riɗi?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a cikinku. Ƙungiyarmu ta manoman riɗi ce, a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Bana Allah ya haɗa mu da wani kamfani na ƙasar waje ta hannun wakilinsu da ke Legas, har an kai ga maganar kwantena. Sai ga wasiƙa sun aiko, wai daga yanzu ba sa karɓar takarda ta WhatsApp ko ta imel. Takardar farashi, sakamakon gwajin riɗin, takardar NAQS ta lafiyar amfanin gona, fom ɗin NXP na fitar da kaya waje, jerin sunayen manoma da wuraren gonakinsu, duk sai dai ta wani abu mai suna SFTP. Na kai maganar wurin wani yaro mai gyaran kwamfuta a birni, ya ce sai mun sayi saba tamu ta kanmu mun ajiye a ofis, shi kuma ya haɗa mana. Kuɗin da ya faɗa sai da na ce ya maimaita. Shugabanmu ya ce in bincika kafin taron Juma'a. Dole ne sai mun saya? Kuma ma wai mene ne abin?

Alhaji Mai Riɗi:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ni tun ana auna riɗi da tiya a kasuwar Maigatari nake cikin sana'ar nan, kuma ban taɓa jin an fasa ciniki saboda hanyar da takarda ta bi ba. Riɗi suke so ko kwamfuta? In kayanku na da tsabta, babu yashi babu tsakuwa, da kansu za su biyo ku. Ku rubuta musu cewa WhatsApp ɗin da duk duniya ke aiki da shi shi muke da shi.

Hajiya Mai Zoɓo:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, zamanin nan ya wuce. Waɗannan mutanen in suka ce ga yadda suke so, ba ciniki ake yi a kai ba. In ba ka yi ba, ga na Sudan da na Habasha can suna jira da nasu riɗin.

Injiniya Kazaure:
Malam Sakatare, ku dakata da sayen komai tukuna. Bari in fara da abin da ka tambaya na biyu.

Saba kwamfuta ce da ba a kashewa, tana zaune a wuri ɗaya da intanet dare da rana, aikinta ta karɓi fayil ta ajiye, ta miƙa wa wanda aka ba izini. Tsohuwar hanyar tura mata fayil ita ce FTP, wadda aka fara tun 1971, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan tsiraru ne kuma duk sun san juna. Shi ya sa ba a yi mata mayafi ba: sunanka da kalmar sirrinka da fayil ɗin duk a fili suke tafiya, wanda ya tsaya a hanya yana iya karantawa. A 1995 wani ɗan ƙasar Finland mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH, bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu da ke kusa da Helsinki. SSH na dagula duk abin da ke tafiya tsakanin kwamfuta biyu, ta yadda ko an tare shi ba za a gane komai ba. SFTP kuwa tura fayil ne ta cikin wannan SSH ɗin. Akwai wani mai kama da shi a suna, FTPS, shi tsohon FTP ne aka lulluɓe, ba abu ɗaya ba ne, kada a rikita ku.

Abin da ya sa kamfanoni ke son sa ba sirrin hanya kaɗai ba ne. Kowane abokin ciniki yana da foldarsa, ba ya ganin ta wani. Sabar tana rubuta wa ya shiga, ƙarfe nawa, wane fayil ya sa, wanne ya ɗauka. Ran da aka yi gardama cewa an aiko ko ba a aiko ba, rajistar nan ce alƙali. Sannan in sabis ya yanke ana tsakiyar tura babban fayil, ana iya ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ke zaune wajen Sule Tankarkar ya san amfanin wannan.

Alhaji Mai Riɗi:
To ɗana, ai shi ma WhatsApp ɗin a rubuce yake a sama cewa babu mai iya karanta saƙo sai ni da wanda na aika wa. Ko ƙarya suke yi?

Injiniya Kazaure:
Ba ƙarya ba ce, Baba. A kan hanya a rufe yake. Matsalar tana bakin hanya, nan da can. Takarda ta sauka a wayarka, ta shiga cikin hotuna tare da na biki da na suna. Yaro ya ɗauki wayar yana kallon bidiyo. An tura ta zauren da ba nata ba da kuskuren yatsa. Wayar ta faɗi a motar kasuwa. Ko a kira ka a ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet, ka karanto lamba shida da aka turo maka, kana karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗin, su shiga yi wa abokan cinikinka magana da sunanka. Mutum nawa muka sani da aka yi wa haka? Kuma kamfanin can ba shi da iko a kan wayar ma'aikacinsa. In ya bar aiki, takardunku na shekaru sun bi shi gida.

Ga kuma ƙaramin abu mai ban haushi: in ka tura takarda a matsayin hoto, WhatsApp na matse ta, hatimi da ƙananan lambobi su dushe.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ni imel ne ya kusa kai ni ƙasa. Mun loda zoɓo, na tura wa mai saye takardar kuɗi da lambar asusuna. Ashe an daɗe da shiga akwatin imel ɗin yaron da ke yi mini rubuce-rubuce, ana karanta duk abin da muke yi, an yi shiru ana jiran ranar biya. Ba a jima da tura tawa ba sai wata ta bi bayanta. Tambarina ne, sa hannuna ne, har gaisuwar da na saba buɗe wasiƙa da ita. Abu biyu kawai suka canja: lambar asusu, da harafi ɗaya a adireshin imel ɗin. Inda nake da m suka sa r da n a manne, in ba ka ƙura ido ba ba za ka gane ba. Suka rubuta wai bankinmu na da matsala, a biya ta wannan. Allah ya sa mutumin ya ɗaga waya ya ce, Hajiya, me ya sa kika canja banki ba ki faɗa mini ba? Ina tsaye a bakin sito, sai da na nemi buhu na zauna.

Alhaji Mai Riɗi:
Yawwa! Kun ji ko? Me ya cece ta? Saba ce ko kiran waya?

Injiniya Kazaure:
Wannan kam ka yi gaskiya, Baba, kiran waya ne. Kuma ko da SFTP ɗin, duk ranar da aka ce an canja lambar asusu, a kira a ji murya, a lambar da aka sani tun da, ba wadda ke jikin sabuwar takardar ba. Sai dai da ta folda mai makulli ake ajiye takardar kuɗin, da ɓarawon bai samu inda zai cusa tasa ba, don mai saye ya san ba ta imel take zuwa ba.

Ɗan Kafe Babura:
Sallama. Yaya Sakatare, ni ina ganin ba sai kun je birni ba. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur a shago, ga sola ga inbata. A sa mata Linux a madadin Windows, ai OpenSSH, manhajar da ke mayar da ita sabar SFTP, kyauta ce. Ku riƙa ba ni ɗan wani abu duk wata, kuɗin ya zauna a gida.

Injiniya Kazaure:
Ƙanena, niyyarka mai kyau ce, kuma gaskiya ne manhajar kyauta ce. Amma da wane layi za ka haɗa ta?

Ɗan Kafe Babura:
Ina da rauta ta layin waya. Kuma ina tara kuɗin Starlink.

Injiniya Kazaure:
To nan za ka fara cin karo. Layin waya ba ya ba ka adireshin intanet naka kai kaɗai, mutane da yawa ne ke raba guda. Kai kana iya fita ka je ko'ina, amma wanda ke waje ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofarka ya same ka ba. Starlink ma, wanda ya shigo Najeriya a 2023, tsarinsa na gida haka yake. Akwai dabarun zagayewa, amma kowace dabara ƙarin abin lalacewa ce.

A ce ka warware wannan. Saura ƙurar hunturu da ke toshe fanka, saura zafin bazara da ke haura digiri 40, saura batir da ke mutuwa kafin asuba in an yi kwana biyu ana hadari. Lokacin da kake barci, mai saye a Japan yana tsakiyar aikinsa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce tsaro. SSH na sauraro ne ta ƙofa mai lamba 22. Ka buɗe ta ga duniya yau, kafin gobe ka duba rajista za ka ga layi bayan layi na injina daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba suna gwada suna da kalmar sirri. Ba wai sun san ka ba ne, kowa suke yi wa haka. Sai an hana shiga da kalmar sirri an koma makulli, wato wani fayil na sirri da ke buɗe sabar, an rufe babban asusun da ke iko da duk sabar daga waje, an tsare kowa a cikin foldarsa, an sa abin da ke korar mai yawan gwaji irin su fail2ban, kuma ana sabunta manhaja duk lokacin da aka gano rami. Ba aikin rana ɗaya ba ne, aikin kullum ne. Saba kamar sito ce a Dawanau: ba ƙarfin ƙofar ake fara tambaya ba, wa ke kwana a bakinta ake tambaya.

Ɗan Kafe Babura:
Yaya, kana tsorata mutane ne kawai. Wa zai bar bankuna ya zo kan ƙungiyar manoma a Gumel?

Injiniya Kazaure:
Ba zaɓa suke ba, shara suke yi. Kuma kada ka ɗauka na manya ba sa fashewa. A ƙarshen watan Mayu na 2023 wata ƙungiyar masu kutse da ake kira Cl0p ta gano rami a MOVEit, manhajar da kamfanin Progress na Amurka ke sayarwa musamman don tura fayil cikin tsaro. Sun kwashi bayanan ma'aikatu da kamfanoni fiye da 2,000. BBC da British Airways na ciki, su ta hannun kamfanin da ke lissafa musu albashi abin ya same su. A farkon shekarar sun yi wa wata manhajar tura fayil, GoAnywhere, irin wannan, kafin nan kuma ta kamfanin Accellion a ƙarshen 2020. Dalilin da ya sa suke bin irin waɗannan sabobi a fili yake: nan ne ake tara takardu mafi daraja wuri guda. Kuma abin da ya ƙara wa mutane asara shi ne fayilolin da aka riga aka karɓa tun tuni amma aka bar su a kai ba a goge ba. Sabar tura fayil wurin wucewa ce, ba wurin ajiya ba.

Alhaji Mai Riɗi:
Ashe ma abin da ake cewa mu saya shi ɓarayin suka fi so. Allah ya kyauta.

Akanta Dawanau:
Injiniya, na bi maganarka, kuma na san inda za ka ɓulla: a yi hayar saba a wajen manyan kamfanonin waje. A nan ne ba mu tare. Ni nake biyan irin waɗannan kuɗaɗe a inda nake aiki. A farkon 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Hayar ba ta canja ba a dala, amma a littafina ta ninka uku. Ga wahalar katin da zai biya. Sannan ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddebuwa, su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Wanda sabarsa ke Turai ya ji a jikinsa. In za a yi haya a yi a gida a biya da naira. Akwai cibiyoyin ajiye saba irin su Rack Centre da wasu a Legas, ga kuma cibiyar Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023.

Injiniya Kazaure:
Malam Akanta, ban ce dole sai waje ba. Abin da na ƙi shi ne a ajiye ta a ƙarƙashin teburin ofis. A gida ko a waje, ta zauna inda akwai wuta da sanyi da mai gadi da layi fiye da ɗaya. Amma kan maganar wayar teku, ka lura: in mai sayenka yana waje, ranar da waya ta yanke, shi ma da ƙyar zai iso sabarka ta Legas. Wahalar ta koma kansa ne kawai.

Akanta Dawanau:
Gara ta koma kansa. Shi yana da haƙurin jira, ni ogana ba shi da shi.

Barista:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, akwai abin da kowa ya tsallake a saƙon Malam Sakatare: jerin sunayen manoma. Malam, me da me ke cikin wannan jerin?

Sakataren Ƙungiya:
Suna, ƙauye, lambar waya, hoto, girman gona. Akwai NIN da BVN, don tun lokacin bashin Anchor Borrowers muka tattara, muka ci gaba da amfani da fayil ɗin.

Barista:
To wannan ya fi takardar farashi haɗari, kuma ba naku ba ne, amana ce. Tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Dokar ba ta ce sai banki ko kamfanin waya ba, duk mai tattara bayanan mutane don wata harka ta shafe shi. A taƙaice tana cewa: kada ka karɓi abin da ya wuce buƙata, kada ka yi amfani da shi don wani abu daban da wanda aka ba ka dominsa, ka tsare shi, kuma in ya fita ta hanyar da za ta cutar da masu shi, ka sanar da hukumar cikin awa 72. Tara ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manya miliyan 10 ne ko kashi 2. Fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa ma da sharuɗɗansa.

Ni dai ban taɓa ganin dalilin da zai sa mai sayen riɗi ya buƙaci BVN na manomi ba. Yana son ya san daga wace gona kayan suka fito, wannan haƙƙinsa ne. Ku ba kowane manomi lamba ta ƙungiya, ku tura lambar da ƙauye da girman gona. Manomin da ya ba ku BVN don bashin taki bai ba ku don a kai shi ƙetare ba. Ku cire waɗannan layukan kafin komai ya fita, ko ta wace hanya za ta bi.

Hajiya Mai Zoɓo:
Barista, Allah ya saka. Matan da ke tsince mini zoɓo ma haka aka zo aka rubuce su da sunan tallafi, har yau ba tallafi, sai kiran waya daga mutanen da suka san sunansu da na bankinsu.

Injiniya Kazaure:
Malam Sakatare, wata tambaya. Ka duba wasiƙar nan da kyau, ka rufe sunan kamfanin, ka faɗa mana daidai abin da suka rubuta a wajen SFTP ɗin. Cewa suka yi ku ba su adireshi, ko su za su ba ku?

Sakataren Ƙungiya:
Bari in duba. Ga abin da ke ciki: sashensu na kwamfuta zai aiko mana da adireshi da sunan shiga, mu kuma mu aika musu da makullinmu na bayyane, da sunan mutum ɗaya da zai riƙa turawa.

Injiniya Kazaure:
Shi ke nan. Sabar tasu ce, suna da ita tuni. Ku baƙi ne za a buɗe wa folda. Ba ku buƙatar sayen komai in kuna da laftof. Ku sauke manhajar tura fayil ta SFTP, WinSCP ko FileZilla, daga shafinsu na asali, duk kyauta ne. Za a haɗa muku makulli guda biyu masu tafiya tare. Na bayyane shi za ku aika musu, ko wa ya gan shi ba komai. Na sirri kuwa ba ya barin laftof ɗinku, ba a tura shi ta imel, ba a tura shi ta WhatsApp, ko su kamfanin suka nema kada ku bayar, don ba su da buƙatarsa. A sa masa kalmar sirri mai tsawo.

Ranar farko da za ku shiga, manhajar za ta nuna wasu haruffa da lambobi masu tsawo, ta tambaya ko kun yarda wannan ce sabar. Kada ku danna e haka kawai. Ku kira mutuminsu ya karanto muku nasa, ku gwada. In sun yi daidai, to. In wata rana ta yi gargaɗi cewa lambobin sun canja, ku tsaya, ku sake kira.

Alhaji Mai Riɗi:
Har yanzu dai kiran wayar nan ne. Ni ban ce komai ba.

Akanta Dawanau:
To shi yaron birnin da ya ce a sayi saba fa? Wannan ai damfara ce ƙiri-ƙiri.

Sakataren Ƙungiya:
A'a Malam Akanta, kada mu ɗauki alhakinsa. Bai riƙe wasiƙar ya karanta ba, da baki aka yi maganar, kuma yana cikin aiki.

Akanta Dawanau:
Wanda zai yanka kuɗi irin wannan bai ce a ba shi takarda ya karanta ba, ko ba mugu ba ne, bai dace a ba shi amanar saba ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a bar maganar yaron, ba ya nan balle ya kare kansa. A ci gaba da abin da zai amfane mu.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ni tambayata, wa zai riƙe makullin? Don da ɗan gari kan ci gari. Mu a harkar nan mun fi cutuwa da na ciki. Wakili ya ɓata da kai, ya tafi da lambobin masu saye, gobe ka ji ya buɗe nasa.

Injiniya Kazaure:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Shawarata kada mutum biyu su raba makulli ɗaya. In Sakatare da Ma'aji ne za su riƙa turawa, kowa da nasa, a roƙi kamfanin ya karɓi biyu. Ta haka rajista za ta nuna wane ne ya yi me. Ranar da aka yi zaɓe aka canja shugabanni, ko wani ya bar ƙungiya, a rubuta musu a ranar su cire makullinsa. Ba sai an yi faɗa ba, ko da lafiya aka rabu. Laftof ɗin kuma na ƙungiya ne, ba na yara su yi wasa da dare ba, kuma a kunna masa BitLocker, mai kulle duk abin da ke cikin laftof, in Windows ɗinsa na da shi, saboda in an sace shi ɓarawo ya samu ƙarfe kawai.

Alhaji Mai Riɗi:
Ka ce a karɓe makulli daga hannun tsohon sakatare ranar da ya sauka? Ɗana, ba ka san ƙauye ba. Mutumin nan surukin shugaba ne ko ƙanin mai gari. Sai a yi shekara ba a gaisawa.

Barista:
Shi ya sa ake rubuta shi a tsarin ƙungiya tun kowa na dariya, Alhaji. In doka ce ta kowa, ba wanda zai ce shi aka nufa.

Ɗan Kafe Babura:
Tunda an ƙi tawa sabar, bari in faɗi abin da nake gani a shago. Mutane na zuwa sikanin takardu, a tura musu a waya, su tashi su tafi. Katin NIN, takardar fili, bayanin asusun banki, duk suna nan a fuskar kwamfuta, wanda ya zauna bayansu yana gani. Wani ma imel ɗinsa zai bari a buɗe. Ni duk yamma nake bi ina gogewa, amma shago nawa ke yin haka? Ga filashi ɗaya da ke yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan yana kwasar ƙwayar cuta. In a irin wurinmu za ku yi sikanin, makullin nan naku bai tsare komai ba, takardar ta riga ta kwana a waje.

Injiniya Kazaure:
Wannan magana ta fi duk wadda na yi amfani. Malam Sakatare, ƙaramar na'urar sikanin ta ofis ita ce abin saye, ba saba ba. Da ma'ajiyar fayil ta waje, wato hard disk, guda biyu don kwafin ajiya, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gida daban, saboda gobara da ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Jigawa sun san takarda da kwamfuta ba sa jure ruwa.

Akanta Dawanau:
To yaushe ne kamfani ke buƙatar tasa ta kansa? Don ogana zai tambaye ni, muna da wakilai a kasuwanni da yawa.

Injiniya Kazaure:
Sa'ad da kai ne ake turo wa, ba kai ke turawa ba. Misali injin casar shinkafa a Kura ko Haɗeja mai wakilai da dillalai da yawa, kullum fayil na shigowa, ana son kowa ya ga nasa kawai. Ko kamfanin da ke tura jerin albashi banki kai tsaye. Shi ma ba lallai ƙarfe guda nasa shi kaɗai ba. Yana iya hayar yanki a cikin babbar saba, ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ga yawancin masu irin girmanku ya isa. Wadda aka keɓe maka kai kaɗai ana zuwa gare ta ne in fayilolin sun yi nauyi ƙwarai, ko abokin ciniki ya sa sharaɗin kada kayansa su zauna tare da na wasu. In wakilanka da waya suke aiki, SFTP zai ba su wahala, ka duba Nextcloud, wani tsarin ajiye fayil da raba shi, yana da manhajar waya. Amma kafin ka sa hannu da kowa, ka tambaye shi wa zai riƙa sabunta ta, wa zai duba rajista, kwana nawa fayil ke yi kafin a goge shi, kuma in ta faɗi ranar Sallah wa za ka kira. A rubuta amsoshin a yarjejeniya.

Akanta Dawanau:
Zan kai masa. Amma ni har yanzu a kan naira nake.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa shugaba duka. Ya yarda a cire BVN da NIN daga jerin, kuma za a kawo maganar na'urar sikanin a taron Juma'a. Kan makulli biyu ya ce sai ya yi shawara da Ma'aji, don shi Ma'ajin bai iya laftof ba, ɗansa ne ke taya shi. Injiniya, ko za ka samu zuwa ka haɗa mana?

Injiniya Kazaure:
Alhamis ina Maigatari in Allah ya yarda, sai in biyo ta Gumel bayan la'asar. Ku cika cajin laftof ɗin. Kalmar sirrin kai za ka buga da hannunka, ni zan juya baya. Ma'aji kuma ya zo da kansa, in ɗan nasa ne zai riƙa turawa to sunan ɗan za a ba kamfanin, ba na uban ba.

Hajiya Mai Zoɓo:
In ka gama da su ka tsaya wajena, nawa laftof ɗin tun bara yake cewa a sabunta shi.